Ranar da Na Kira Sunan Hajiya a Filin Ƙwallon Jos

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba jin bakina duk ranar da ƙungiyarmu ta buga wasa, kun kuma ga wannan karon na yi gum. Wasu sun turo suna tambaya ko lafiya. Wasu kuma na san sun riga sun ga bidiyon, tsokana ce kawai ta sa suke tambaya. To gara ku ji daga bakina, tun daga ƙofar gida har dawowa. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙungiyar da nake magana ba babbar nan ba ce da kowa ya sani. Tamu ce ta cikin ganuwa, 'yan wasanta yaran unguwanni ne, wani tela ne, wani yana jan adaidaita da safe ya je atisaye da yamma. Bana ba mu da kyau ko kaɗan. A gida muna ta kunnen doki, a waje kuwa ba a magana. Mun zame har can ƙasan teburi, idan muka sake shan kashi a Jos to sai dai mu fara shirin komawa rukunin ƙasa. Shi ya sa magoya baya suka ɗauki hayar doguwar mota, aka ce kowa ya zo, ko maki ɗaya ne a je a ƙwato.

Ni ƙwallo a rediyon babana na koye ta tun ina ƙarama, na kuma yi sa'ar miji mai buga wa ƙungiya ganga, bai taɓa hana ni zuwa fili ba. Saboda yawan surutuna a kan tsarin wasa 'yan motarmu suke ce mini Koci. A da sunan yana mini daɗi.

A gidan surukaina muke zaune a Kabara, tare da Hajiya, mahaifiyar maigidana. 'Yata ɗaya, ita ce ta fari, shekararta huɗu, kuma sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: ga kunyar 'yar fari, ga kunyar sunan uwar miji, sun haɗu a kan yarinya ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa furta ainihin sunanta ba. Ko a asibiti aka tambaye ni sai in miƙa kati. Ita ma yarinyar Anti take ce mini, don abin da ta tashi ta ji yaran gida suna faɗa ke nan, Hajiya kuma ita ce Mama. Amma iyakar kunyar da na iya ke nan. Ta ɓangaren kawar da kai daga 'yar fari na kasa. Tari ɗaya za ta yi cikin barci in miƙe zaune. Matan gida har sun gaji da yi mini dariya.

Da za mu fita, Hajiya tana kan darduma da carbinta, ta ce, "Ki bar mini takwarata mana. Me yarinya za ta yi a garin sanyi, cikin garada?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, wallahi hankalina ba zai kwanta ba in ba idona ne a kanta ba."

Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce, "To, idonki. Allah ya kiyaye hanya."

Muka ratso lunguna, ina goye da Ummi tana barci, maigidan yana gaba da ganga a kafaɗa, ƙanwarsa tana biye da kular dambun shinkafa da na dafa. Mai ƙosan bakin lungunmu lokacin take hura wuta. A Ƙofar Nassarawa motar take jira, an ɗaure ganguna a sama, samari suna ta rigimar kujerar taga. Mata mu huɗu ne: ni, ƙanwar maigidana, da wasu dattawa biyu masu sayar da zoɓo a filinmu waɗanda ba sa barin tafiyar ƙungiya. Aka ba mu layi na biyu, aka yi addu'a, direba ya ja.

Titin Zariya da sassafe ba cunkoso. Wajen Kura gonakin shinkafa sun yi kore shar, ruwa kwance a cikinsu yana ɗaukar ido, farare-fararen balbelu suna bin masu aiki. Ba mu wuce nan ba aka fara abin da aka saba, wato gardama. Wani daga baya ya ce, "Koci, yau wane tsari za mu buga?" Ni kuma kamar jira nake.

Na faɗa musu abin da na sha faɗa muku. Matsalarmu ba ƙafa ba ce, yaranmu suna da ƙafa. Matsalarmu bugun kwana. Kocinmu ya je wani kwas ya dawo da sabon salo, wai idan za a bugo mana kwana kowane ɗan baya ya tsaya a wurinsa ya tsare wurin, kada ya bi mutum. To ni dai tun da nake kallon ƙwallo ban taɓa ganin wuri ya sa kai ya ci ƙwallo ba, mutum ne yake ci. Sai ka ga 'yan bayanmu sun jeru kamar masu jiran a ɗauke su hoto, idonsu duk a sama yana bin ƙwallo, wani ƙato ya sulalo ta bayansu ya zura. Mai lamba biyar ya fi kowa wannan hali. Yaro ne dogo, Allah ya ba shi tsayi, amma da ƙwallo ta tashi sai ya manta da duk wani mai rai a duniya. Ga golanmu, hannunsa lafiya lau, amma ba ya magana. Gola ai shi ne mai ganin fili duka, shi zai ce wane riƙe wane, wane matsa nan. Namu kuwa kamar an ɗinke masa baki. Na ce gola marar baki rabin gola ne. A gaba kuma an bar ɗan wasa ɗaya tal, ana ta cillo masa dogayen ƙwallaye kamar ana jifan mangwaro, shi kaɗai cikin mutum uku. Mutum ɗaya na ware, mai lamba takwas, wanda ake ta cewa ya tsufa a sallame shi. Shi kaɗai ne yake ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa.

Motar ta ɗauki tafi. Wani ya ce a ba ni ƙungiyar kawai a huta. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

A Kwanar Ɗangora muka tsaya karyawa. Shayi da burodi, mai hali ya ƙara wainar ƙwai. Kuɗin ƙwai ya sa wani saurayi ya tambayi mai shayin ko kazar tasa jirgi take hawa zuwa aiki. Ni kuwa na fito da kofin Ummi daga jaka, na ɗauraye shi da ruwan leda, na sa aka zuba mata a ciki, ina fifita shi da bakin hijabi. Ko da za ta yi fitsari hannunta yana cikin nawa. Ɗaya daga cikin masu zoɓon ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar yarinya ta sha iska. Mu 'ya'yan farinmu ko kallonsu ba ma yi a gaban mutane." Na yi murmushi kawai, a raina ina cewa ai shi ya sa naku suke ɓata.

Daga nan muka karya hagu muka bi ta Tudun Wada. Hanyar akwai wurare masu kyau, akwai inda direba yake rawa da sitiyari yana kauce wa ramuka har gangunan sama suna buga kansu. Da muka shiga dajin Falgore sai motar ta yi tsit, waya ba sabis, kowa yana motsa baki. Bishiyoyi sun haɗe, ƙasa ja jiƙe da ruwan daren jiya. Can sai ga gwaggon birai a gefen titi, sun jeru su biyar ko shida, suna bin motarmu da ido ba wanda ya motsa. Wani ya ce, "La, ga 'yan bayanmu sun riga mu zuwa, suna jiran kwana!" Dariyar da aka yi ita ta kore tsoron dajin. Ummi ta manne fuska a gilashi tana ɗaga musu hannu.

A Saminaka muka yi alwala muka ci dambu, aka sayi gasasshiyar masara. Daga Jengre kuma ido ya fara ganin abin da ba mu saba ba. Dankalin turawa tuli-tuli a bakin hanya, kabeji kamar kan mutum, karas an wanke shi yana sheƙi, kuma arahar har sai ka yi zaton ba ka ji daidai ba. Ƙanwar maigidana ta so a tsaya, aka ce sai a dawowa. Duwatsun ƙasar nan kuwa, wani a kan wani, kamar wani ne ya ɗora su da hannu ya ce yana zuwa. Sanyi ya fara shigowa ta taga. Na sa wa Ummi rigar sanyi, na ƙara mata wata a kai, na ɗaura mata hula, har ta koma kamar ƙullin kayan wanki.

Filin da aka buga wasan ƙarami ne, gefe ɗaya ne mai rumfa, sauran matakalar siminti ce. Amma ya cika. Abin da ya burge ni, matansu da yawa suke zuwa kallo, da 'yan mata da iyaye, suna busa ƙahon roba, ba mai kallonsu. An ware mana kusurwa ɗaya kusa da ƙofar fita, bayan raga. Maigidan ya sauka ƙasa wurin makaɗa. Na zaunar da Ummi a kan matakala tsakanina da ƙanwar babanta, na saya mata gugguru a leda, na ce kada ta motsa daga nan.

Rabin farko mun yi abin kirki, in faɗi gaskiya. Mai lamba takwas ya riƙe tsakiya, yana raba ƙwallo a natse. Daf da hutu ɗan gefenmu, wannan mai gudun da ba ya ɗaga kai, ya bugo wata ƙwallo da niyyar ba wa ɗan gaba, ta kauce masa ta faɗa raga. Shi kansa sai da ya tsaya yana mamaki. Muka yi ta ihu, ganga kamar za ta fashe. Na ɗaga Ummi sama na sauke ta a wurinta.

Da aka dawo sai kocinmu ya yi abin da na tsana. Ya cire ɗan gaban nan guda ɗaya, ya sa ɗan baya, wai a tsare ci ɗaya. Ai kuwa muka koma baya gaba ɗaya, masu masauki suka hau kanmu. Yanzu kuma ragarmu ce a gabanmu, ina ganin komai. Kwana ta farko, muka sha da ƙyar. Ta biyu ta daki ƙarfe. A ta uku na hango wani gajere yana laɓaɓowa ta bayan mai lamba biyar, shi kuma ya ɗaga kai sama yana kallon ƙwallo, gola ya yi shiru kamar kullum. Ban san lokacin da na haye matakala ta gaba ba, na kama wayar shinge da hannu biyu ina kwarara ihu: "Lamba biyar! Ka riƙe mutuminka! Bar kallon ƙwallo, ka riƙe mutuminka!" Gajeren ya sa kai. Ɗaya da ɗaya.

Na jima a tsaye ina zazzaga masa, na haɗa da koci, na haɗa da gola. Mutanenmu suna cewa, "Faɗa musu, Koci!" Sannan na juyo don in zauna.

Wurin yana nan. Ledar gugguru tana nan, da hular da na ɗaura mata. Yarinya ce babu.

Na ce wa ƙanwar maigidana, "Ina Ummi?" Ta ce, "Ai na ɗauka tana hannunki." Ni kuma na ɗauka tana jikinta. Ita ma tashi ta yi tana kallon kwanar.

Ban iya kwatanta muku abin da na ji ba. Na ƙwala kira, "Ummi!" Yara biyu da wata babbar mace suka waiwayo, ba tawa a ciki. Maigidan ya jefar da ganga ya hauro, ya ce shi zai bi ta rumfa, ƙanwarsa ta bi ta wajen banɗaki, ni in duba ƙofa. Na sauka ina tuntuɓe da ƙafafun mutane, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Wata mai gyaɗa ta ce ta ga wata 'yar ƙarama mai rigar sanyi biyu tana bin mai balan-balan, amma matar da ke tsaron ƙofa ta tare ta, ta kai ta ɗan ɗakin da ke gefe.

Na same ta zaune a kan benci, tana lilo da ƙafa, tana cin soyayyen dankali. Ko alamar kuka babu. Na yi kanta zan sure ta, sai mai tsaron ƙofar ta sa hannu ta tare ni. Mace ce kakkaura mai rigar aiki, fuskarta ba wasa. Da Hausarsu ta can ta ce, "Tsaya, madam. Ke wace ce?"

Bakina ya saba, sai na ji na ce, "'Yar gidanmu ce."

Ta juya wurin yarinyar ta ce, "Bebi, wannan ce mamanki?"

Ummi ta girgiza kai, baki cike da dankali, ta ce, "A'a, Anti ce. Mama tana gida."

Matar ta matsar da yarinyar bayanta. Ta dube ni tun daga ƙafar da ba takalmi har sama, ta ce, "To Anti, mene ne sunanta?"

Na ce, "Ummi."

Ta ce, "Ba shi ta faɗa mini ba."

Nan na gane. A Islamiyya an koya musu idan babba ya tambayi sunansu su faɗi na yanka, har da na uba. Shi ta faɗa. Sunan Hajiya.

Jama'a, na san sunan nan kamar yadda na san tafin hannuna. Yana nan a kan harshena. Amma na buɗe baki ya ƙi fita. Sai nake ganin Hajiya a kan dardumarta tana kallona. Shekara biyar ina gidanta, ko mai irin sunanta na haɗu da ita a biki sai dai in ce mai sunan Hajiya. Na tsaya ina cewa, "Sunan, ai sunan surukata ne." Matar ba ta gane me nake nufi ba, kuma ba laifinta. Mutane suka fara taruwa. Na ga an ɗaga waya ana ɗauka. Wani ya ce irinsu ne masu ɗauke yara a taro, a kira 'yan sanda. Wani dattijo mai hula, da alama Bahaushe ne mazaunin can, ya ce, "Ku bi ta a hankali, kunya take ji. 'Yar fari ce, ba ta faɗin sunan." Mai tsaron ƙofar ta ce, "Baba, na ji. Amma in na ba da yarinya ga wadda ba ta san sunanta ba, gobe uwarta ta zo, kunya zan nuna mata?"

Ganin taron ya sa Ummi ta tsorata. Ta saki dankalin ta fara kuka, tana miƙo hannu ta bayan matar tana cewa, "Anti, Anti." Ni kuma ina tsaye. Wannan tsayuwar ita ce abin da ya fi ci mini rai har yau. Ban san tsawonta ba, amma a bidiyon tana da tsawo.

Na faɗi sunan a hankali. Ƙahonni suna ta ƙara, matar ta ce, "Ban ji ba." Ashe a daidai lokacin alƙalin wasa ya ba masu gida fenariti, an gama rigima, an ajiye ƙwallo, fili ya yi tsit kowa ya riƙe numfashi. Ni ban san ana yi ba. Na rufe ido na ƙwala sunan Hajiya da duk muryar da nake zagin 'yan baya da ita. Sau uku. Na ƙara da cewa, "'Yata ce! Ni na haife ta!"

Matar ta saki yarinyar. Ta ma dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri, madam, aikina ne. Riƙe ta da kyau." Na durƙushe a ƙasa na ƙanƙame Ummi, ina jin wani ihu ya tashi daga ɓangarenmu. Sai daga baya aka gaya mini mai bugun fenaritin ya ɗaga ƙwallon sama ta bi iska. Haka aka tashi ɗaya da ɗaya. Makin da muka je nema mun samo shi, ni ban ga komai ba.

A gidan wata gwaggon maigidan muka kwana, don ba a bin dajin nan da duhu. Da safe a mota kuwa samari suka samu abin yi. Wai ihuna ne ya firgita mai fenariti, don haka sunan Hajiya ne ya ba mu maki. Har wani ya fara ƙoƙarin sa sunan a waƙar ganga, sai da maigidan ya juyo ya yi masa wani kallo ya haɗiye sauran. Wani kuma daga baya ya ce, "Koci, jiya wane tsari kika buga ne, tsaron wuri ko tsaron mutum?" Motar ta kwashe da dariya. Mai zoɓon nan da na raina a zuci ita ce ta ce su rufe mini baki, wanda bai haifa ba bai san abin da ake ji ba. A Jengre kowa ya sauka sayen dankali da kabeji, ni ko motsi ban yi ba, ina rungume da yarinya.

A Saminaka motar 'yan wasa ta tarar da mu. Ina zaune a gefen taga sai ga mai lamba biyar ya nufo ni da gasasshiyar masara a hannu. Na so ƙasa ta tsage. Daga kusa yaro ne ƙarami, ko gemu bai gama fitowa ba, gefen idonsa a kumbure inda aka yi masa gula. Ya miƙa wa Ummi masarar ya ce, "Anti, sannu da jiya, an ce an ga 'yar. Alhamdu lillahi." Na ce yauwa, na gode. Ya ɗan sosa kai ya ce, "Na ji ki fa lokacin kwanar nan. Gaskiya kika faɗa. Wallahi ina sane da shi yana bayana, ƙiftawa ɗaya na yi na duba ƙwallo, na juyo babu shi." Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatsen ne da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Haka ne, ƙanena. Haka abin yake."

Muna fita daga Falgore sabis ya dawo, wayoyi suka hau ƙara a lokaci ɗaya. Bidiyon ya riga mu isa Kano. Daga Ƙofar Nassarawa zuwa gida na ja hijabi har goshi, ina jin kamar duk wanda ke zaune a dakalin ƙofar gidansa ya gani. Wataƙila ma ba wanda ya kula, amma haka na ji.

Hajiya tana tsakar gida tana tsintar wake a faranti, matan gida kowa ta sami abin yi a kusa. Ummi ta ruga ta faɗa jikinta. Hajiya ta taɓa goshinta, ta duba hannuwanta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta.

Ta ce, "An ce kin kira ni a Jos."

Na sunkuyar da kai.

"Har sau uku aka ce. Ni kuwa ina nan ban ji ba, da na amsa."

Na ji wata ta shige ɗaki da gudu tana toshe baki. Hawaye suka zubo mini, na ce ta yafe mini, wallahi ba raini ba ne, tilas ce ta sa na kama sunanta.

Ta ajiye farantin ta ce, "Ke, ɗago ki dube ni. Sunan nan ba a kansa nake ba. Da ma don a kira aka raɗa shi. Autana ya nuna mini abin a waya, na sa ya maimaita. Ni abin da na kalla shi ne tsayuwar da kika yi baki a rufe, yarinya tana kuka tana miƙo miki hannu. Ina Kano lafiyata ƙalau kina jin kunyata, ita tana hannun baƙi? In haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ki kira ni tun a karon farko. Ki haɗa da sunan ubana in an tambaya."

Ummi ta ɗago kai ta ce, "Mama, Anti ta ce wai ita ta haife ni."

Hajiya ta ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Ina wurin."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Har na miƙe, sai ta ce, "Asabar mai zuwa a gida za ku buga ko?" Na ce e. Ta ce, "Ki bar mini ita."

Abin da na samo a tafiyar nan, ban da sanyin Jos da takalmi ƙafa ɗaya, ba shi da yawa amma ya ishe ni. Har yanzu ina kan bakana cewa tsarin tsaron wuri ba zai kai mu ko'ina ba, kuma cire ɗan gaba don a tsare ci ɗaya tsoro ne, ba dabara ba. Mai lamba takwas kada a kuskura a sallame shi. Amma na daina cewa mai lamba biyar ba shi da hankali, don na san yanzu tsawon ƙiftawar ido. Golanmu ma, da nake cewa an ɗinke masa baki, na san yadda magana take maƙalewa a wuya alhali mutum ya san abin da ya kamata ya faɗa. Ya dai daure ya riƙa buɗe bakin, ni ma an sa na buɗe nawa. Ga matar nan mai tsaron ƙofa, ban san sunanta ba, amma ita ce ta fi kowa iya riƙe mutum a filin nan ranar, Allah ya saka mata da alheri.

Ku kuma 'yan mota, don Allah a ɗan ajiye sunan Koci tukuna.

Ranar da za mu tafi Jos na gaya wa Hajiya hankalina ba zai kwanta ba in ba idona ne a kan yarinyar ba. Wannan karon da ta ce in bar mata ita, ban kawo wani dalili ba. Na ce, "To, Hajiya."